Wayar dubu tara da ta tafi da miliyan biyu: nazarin satar layi da cin bashi da sunan wani a Gombe

Waya biyu ce a aljihun yawancin 'yan kasuwar Tudun Hatsi. Akwai babba, ta WhatsApp da tura hoton kaya, wadda ake sa wa makulli ana lallaɓawa. Akwai kuma ƙarama mai madannai, wadda caji ke kwana uku a cikinta, kuma ita ke ɗauke da tsohon layi. Tsohon layin nan shi aka ba banki ranar buɗe asusu, da shi aka yi rajistar BVN, lambar tantance masu asusun banki, bayan Babban Banki ya fito da tsarin a 2014, ta nan kuma alat ke shigowa. Babbar ake tsaro, alhali kuɗin yana jikin ƙaramar.

Lamarin da za a bi a nan na wani mai sayen wake da masara ne, magidanci da ya haura hamsin. Alhaji kawai za a riƙa ce masa, yadda yaran shagonsa ke yi. Ba za a kira sunan bankinsa ko kamfanin layinsa ba, kuma an daidaita adadin kuɗin don lissafi ya fito sarai. Abin da ya sa lamarin ya cancanci a tsaya a kansa shi ne asarar ta zo hawa biyu: kuɗin da aka kwashe cikin dare ɗaya, da bashin da aka ci da sunansa, wanda bai san da shi ba sai bayan mako biyar.

Daga Juma'a zuwa la'asar ɗin Asabar

Lokacin kaka ne, kuɗin sayen kaya na zaune a asusu: naira miliyan 2.3. Bayan an sauko Juma'a Alhaji ya laluba aljihu bai ji ƙaramar wayar ba. Ya ɗauki babbar ya kira ta sau da yawa. Ta yi ƙara, daga baya aka kashe. Ya ce wayar dubu tara ce, Allah ya mayar da alheri, Litinin zai je a yi masa walkam-bak, wato a dawo masa da layin a sabon sim. Wannan hukuncin shi ne mafi tsada a duk labarin, domin ya bar layin a hannun wani fiye da kwana biyu ba tare da kamfanin layi ya ji komai ba, banki ma bai ji ba sai la'asar ɗin Asabar.

Sim ɗin ba shi da lambar sirri. Wanda ya ɗauke shi ya samu abu huɗu ba tare da wata ƙwarewa ba. Tsofaffin saƙonnin alat sun nuna masa sunan banki da abin da ke cikin asusu. Lambar *565*0#, wadda NIBSS, kamfanin da ke haɗa tura kuɗi tsakanin bankuna, ya tanada don mutum ya tuna BVN ɗinsa, tana mayar da amsa ne ga duk wanda layin ke hannunsa, ba ta tambayar ko kai waye. A jerin sunayen wayar akwai wani “suna” da ɗan Alhaji ya taɓa ajiye masa don kada ya manta: ATM, da lambobi huɗu a gabansa. Na huɗun kuwa Alhaji ne ya ba su da kansa bai sani ba: kiran da ya yi ta jerawa ya nuna musu ɗaya layin nasa.

Bayan isha'i aka kira shi a wannan layin. Hausa ce tsantsa, cikin ladabi.

“Salamu alaikum, ranka ya daɗe. Daga sashen tsaro na bankinka ne. Alhaji, ko wayarka ta ɓata yau?”

“Ƙwarai kuwa, yarona. Ya aka yi kuka sani?”

“Mun ga ana ta ƙoƙarin shiga asusunka. Bari in tabbatar kai ne. Kuɗin da ya shigo maka na ƙarshe ranar Laraba ne, dubu ɗari huɗu da ashirin, ko ba haka ba?”

“Haka ne.”

“To ɗauko katinka mu rufe shi yanzu. Karanto mini lambobin gaba, da watan da zai daina aiki, da guda ukun nan na baya. Amma Alhaji, kada ka faɗa mini lambar sirri. Ko ni, ko manaja, kada ka taɓa ba kowa.”

Wannan jumlar ta ƙarshe ita ta kwantar masa da hankali. Ya sha jin cewa ɗan damfara lambar sirri yake tambaya, ga wannan yana hana shi faɗa. Bai san tana rubuce a wayar da ke hannunsu ba. Ya karanto lambobi goma sha shida, ya yi godiya, har da sa albarka.

Daga nan sai aiki ya zama na 'yan mintuna. Katin da lambar sirrinsa sun cika, lambar OTP kuma, wato wadda banki ke turowa don a tabbatar mai asusu ne, tana faɗawa cikin sim ɗin da ke hannunsu. Suka yi rajistar manhajar bankin a wata wayar daban. Takardar shige da ficen kuɗi da aka buga daga baya ta nuna tsarin: miliyan ɗaya da ƙarfe 11:40 na dare, wata miliyan ɗaya da 12:10. Ba a banza suka zaɓi tsakar dare ba. Iyakar abin da za a iya turawa ta rana ɗaya ce, sha biyun dare na yi take sabuntuwa, don haka cikin rabin awa aka ci iyakar kwana biyu. Haka aka yi da USSD, wato tura kuɗi ta danna lambobi a waya, wanda ƙa'idar Babban Banki ta 2018 ta tsayar da shi kan naira 100,000 a rana sai in mai asusu ya sa hannu a ƙara masa: dubu ɗari kafin sha biyu, dubu ɗari bayanta. Sauran dubu tamanin suka tafi a sayen katin waya da biyan kuɗi ta intanet. Jimilla naira 2,280,000. Kowane cira an turo alat ɗinsa daidai, sai dai ɓarayin ne ke karantawa.

Sai la'asar ɗin Asabar, da ya je wurin mai POS zai biya wani dillali kuɗin wake, na'ura ta ƙi. Aka duba, abin da ya rage bai kai dubu ashirin ba.

Abin da aka yi daidai, ko da an makara

Mai POS ɗin ya san aikinsa. Bai ce a bari sai Litinin ba. Nan take ya miƙa wayarsa aka danna lambar rufe asusu. Bankuna da yawa suna da irin wannan lamba, ana kuma iya danna ta daga kowace waya, ba sai layin da aka sace ba: *894*911# a First Bank, *901*911# a Access, *966*911# a Zenith, alal misali. Kowa ya tambayi ta bankinsa ya rubuta a takarda, ba a cikin waya ba. Rufewar ba ta dawo da ko kwabo ba, amma ta hana a ci gaba. Ɗan Alhaji kuma ya kira wani mai sayen kaya daga kudu da zai turo dubu ɗari tara ranar Litinin, ya ce ya dakata tukuna. Wannan kiran shi kaɗai ya tsare kuɗin da ya fi duk abin da aka ƙwato daga baya.

Sannan aka kira lambar da ke bayan katin ATM, ba wadda ta kira shi daren jiya ba. Tun 2015 Babban Banki ya wajabta wa bankuna su ajiye teburin karɓar ƙorafin zamba, kuma aikinsa ba ya jiran ranar aiki. Abin da ake nema a wannan kiran uku ne: a rubuta ƙorafin a ba da lambarsa, a karanto asusun da kuɗin suka shiga, a kuma aika wa bankunan da suka karɓa su dakatar da cirewa. Kuɗin sun faɗa asusu uku ne a bankunan manhaja. Biyu an riga an share su, an rarraba zuwa wasu asusun an cire a POS a wata jiha. Na ukun akwai saura naira 310,000, aka danne su. Da a daren Juma'a aka yi wannan kiran, ko ma da rana kafin a taɓa komai, da labarin bai kai nan ba. A irin wannan zamba awanni ake ƙirgawa, domin tiransfa nan take take sauka, kuma ba ta kwana a inda ta fara sauka.

Litinin ta tafi a zirga-zirga: rahoton 'yan sanda, takardar rantsuwa daga kotu, ofishin kamfanin layi da takardar NIN don dawo da sim, sai banki da rubutaccen ƙorafi wanda aka buga wa hatimin karɓa a kwafinsa. Da layin ya dawo an danna ##002#, lambar da ke soke duk wata karkatar da kira da aka saka, domin wasu bankunan kan karanto OTP ta kiran murya. An karɓi sabon kati, an sauya duk lambobin sirri, an kuma nemi banki ya cire waccan baƙuwar wayar daga manhaja. Wannan na ƙarshen mutane kan manta da shi.

Dubu ɗari uku da goman da aka danne ba su dawo da kansu ba. Sau da yawa bankin da ya karɓa ba ya sakin kuɗin da ke asusun kwastomansa sai da umarnin kotu, don haka sai da aka ɗauki lauya, aka kuma jira. Game da sauran, amsar bankin Alhaji ita ce wadda aka saba: shi ya ba da bayanan katinsa. Gaskiya ne, amma ba ita ke rufe magana ba. Mai ƙorafi yana da haƙƙin ya tambaya a rubuce: da wace hujja aka yi wa mutumin da bai taɓa amfani da manhaja ba rajista a sabuwar waya da daddare, aka kuma bar miliyan biyu ta fita cikin rabin awa babu wanda ya tsayar? Wa ya nemi wannan iyakar ta miliyan ɗaya? Idan mako biyu ya wuce banki bai warware ba, ana ɗaukar lambar ƙorafin da kwafin takardu a kai sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Banki. Ba a tsallake banki a tafi can kai tsaye, za a dawo da mutum. EFCC ma tana da ofishin shiyya a nan Gombe, kuma Dokar Laifukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta ware sashe na 22 ga masu amfani da shaidar wani.

Bashin da bai ci ba

A nan ne yawancin mutane ke ɗauka an gama. Bayan mako biyar sai kira ya fara shigowa layin da aka dawo da shi: ka ci bashinmu, wa'adi ya wuce. Kamfanoni uku ne na bashin manhaja, naira 40,000, da 75,000, da 120,000, wato 235,000, wadda ruwa da tara suka kai wajen 340,000. Alhaji bai taɓa cin bashin ruwa ba a rayuwarsa, kuma zancen ya fi yi masa ciwo a kan miliyan biyun, musamman da saƙo ya kai ga wani surukinsa da lambarsa ke ajiye a kan sim.

Abin da ya faru shi ne a daren Juma'ar an buɗe wani ƙaramin asusu a bankin manhaja da BVN ɗinsa da layinsa. Can aka sa kamfanonin su zuba bashin. Mutum mai shige da ficen kuɗi irin na ɗan hatsi, wanda babu tabon bashi a sunansa, shi ne wanda na'urar tantancewa ke saurin amincewa da shi. Tsabtar sunansa ita aka sayar.

Abokan kasuwa sun ba shi shawarar ya biya ya huta, tunda mutunci ya fi kuɗi. Shawara ce mara kyau. Biyan ko da wani ɓangare ana iya ɗaukarsa amincewa da bashin, kuma ba ya goge tarihin cewa an makara. Mafi muni, yana barin asusun bogin nan a buɗe. Asusu ne mai sunan Alhaji da BVN ɗinsa amma makullinsa na hannun ɓarayi. Duk kuɗin wani da aka sata aka bi da su ta ciki, shi za a nema. Akwai kundin sa ido na BVN da bankuna ke saka wanda aka samu da zamba, kuma fita daga ciki ya fi shiga wuya nesa ba kusa ba.

Don haka aka fara da asusun. Aka rubuta wa bankin manhajar, haɗe da rahoton 'yan sanda, takardar rantsuwa da shaidar ranar da aka dawo da layi, cewa a daskarar da shi, kada a goge bayanansa, domin su ne hujja. Aka kuma nemi bankinsa na asali ya duba masa ko akwai wasu asusun da ke rataye da BVN ɗin waɗanda bai sani ba. Kowane kamfanin bashi aka aika masa wasiƙa iri ɗaya: ban nemi wannan bashin ba, ku kawo ranar da aka nema da lokacin, da wayar da aka yi amfani da ita, da hoton fuskar da aka ɗauka in akwai, da asusun da kuka zuba kuɗin, ku daina kira har a gama bincike, ku janye rahoton da kuka kai wa masu ajiye tarihin bashi. Ƙarfin wasiƙar yana cikin kwanakin wata. Duk bashin uku an neme su ne tsakanin Juma'a da Lahadi, daidai tazarar da takardu suka nuna layin ba ya hannunsa. Shi ya sa rahoton 'yan sanda da wasu ke ganin ɓata lokaci ne yake da amfani: ba don a kamo ɓarawo ba, don ya kafa ranar.

Kamfanin da ya ƙi saurara, ko ya ci gaba da tura saƙon cin mutunci ga dangi, ana kai ƙararsa hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, wadda tun 2022 ta wajabta wa masu ba da bashi ta manhaja yin rajista da ita, da kuma hukumar kare bayanai ta NDPC da dokar 2023 ta kafa. A ajiye hoton kowane saƙo kafin a toshe lambar.

Saura kundin bashi, wanda a ganinmu shi ne abin da aka fi sakaci da shi a wannan yanki. Kamfanoni uku ne masu lasisin Babban Banki ke tattara tarihin bashin mutane: CRC, FirstCentral da CreditRegistry. Dokar 2017 ta ba kowa damar karɓar rahotonsa kyauta sau ɗaya a shekara, da damar ƙalubalantar abin da ba daidai ba. Dole a duba duka ukun, domin mai ba da bashi kan kai rahoto wuri ɗaya ya bar sauran. A lamarin Alhaji bashi biyu sun fito a kundi ɗaya, na ukun a wani. Mutanenmu da yawa kan ce wannan bai shafe su ba tunda ba sa cin bashin banki. To amma bankunan da ba sa hulɗa da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, su ma suna duba kundin kafin su sayo wa mutum kaya ta murabaha. Kuma tun Agustan 2020 akwai tsarin GSI, wanda ke ba banki damar cire bashin da aka ƙi biya daga duk wani asusu mai BVN ɗin mai bashin, a kowane banki yake. Ba kowace manhajar bashi ke cikin tsarin ba, amma da ɓarayin sun karɓi bashin gaggawa na banki da sunansa, da wata rana zai ga an zare kuɗin wake.

Inda aka toshe

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar farko a nan ba kiran daren ba ne, sim ne marar makulli. Sa masa lambar sirri aikin minti biyu ne a sashen tsaro na kowace waya, har mai madannai. Daga nan duk sanda aka kashe wayar aka kunna, ko aka cire sim aka sa a wata, sai an danna lambar. A kula: ana fara tambayar lambar da kamfani ya sa tun asali, kuma in aka yi kuskure sau uku sim zai kulle sai da PUK, lamba takwas da ke jikin katin da aka ɓallo shi. In aka kuskure PUK sau goma, sim ya mutu. Wanda bai san lambar asalin ba ya tambayi kamfaninsa, kada ya yi ta canka.

Alhaji ya kuma raba kuɗinsa gida biyu. Jarin yana asusun da ba shi da kati, ba shi da USSD, sai an je banki ko an rubuta cak. Na cefane da biyan 'yan dako yana ɗaya asusun, kuma ba ya wuce abin da za a iya jure rasawa. An ƙara alat ta imel a wayar ɗansa, don kada labarin fitar kuɗi ya dogara ga layi ɗaya. Ɗan ya goge duk wata lamba da ya ajiye da sunan ATM ko BVN, a wayar mahaifinsa da ta mahaifiyarsa.

Ba sai an saci waya ake kaiwa ga irin wannan ba. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani kan sake sayar da shi ga wani, kuma in ba a je banki an sauya lambar da ke kan BVN ba, sabon mai layin ne zai riƙa karɓar alat da OTP. Haɗa layi da NIN da aka fara a Disambar 2020, lokacin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, ya ƙara wa walkam-bak na bogi wuya, amma ya kuma mayar da takardar NIN abin nema. A Yulin 2025 EFCC ta yi gargaɗi kan matasan da ke bi suna sayen NIN da BVN a hannun mutane kan naira 1,500 zuwa 2,000 don a buɗe asusu da su. Fom ɗin tallafin da ke yawo a WhatsApp yana neman BVN da hoto, da kwafin NIN da ake bari a shagon fotokofi, duk hanya ɗaya suke bi.

Bayan wata huɗu, ga inda lamarin yake. Naira 310,000 sun dawo, an cire kuɗin lauya. Ƙorafin sauran kuɗin yana gaban Babban Banki. An daskarar da asusun bogin. Kamfanoni biyu sun amsa a rubuce cewa bashin na zamba ne, sun kuma janye rahotonsu. Na ukun, mai naira 120,000, ya daina kira amma bai aiko da takarda ba, kuma daina kira ba shi ne gogewa ba. An shigar da ƙalubale a kundin da sunan ya fito, an kuma tsayar da ranar sake karɓo rahoton duka kamfanoni ukun bayan wata uku, ko da wannan karon sai an biya.